Yanke Ƙanƙarar Tafki Don Shimfiɗa Bututu a Ƙarƙashin Ruwa

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Finlan da Suwidin da Kanada da Rasha da jihar Alaska ta Amurka, akwai wani nau'in aikin kwangila da ake jinkirtawa da gangan sai sanyi ya kai maƙura. Ma'aikata kan jira saman tafki ya daskare, ya yi kaurin da zai ɗauki mota, sannan su hau kansa da kayan aiki. A nan suke jona bututu tun daga gaɓa har inda ake so ya kai, su yanka doguwar tsaga a gefensa, su saukar da shi ta cikinta har ya kwanta a ƙasan tafkin. Cikin 'yan kwanaki tsagar takan sake daskarewa. Idan hunturu ya wuce ƙanƙarar ta narke, ba abin da zai nuna an yi aiki a wurin sai allon gargaɗin da aka kafa a bakin ruwa don kada masu jirage su jefa anga a kan layin.

Ta wannan hanya ake kai ruwan sha ga gidajen da ke kan tsibirai, ake ɗebo ruwa daga tsakiyar tafki zuwa matatar gari, ake tsallakar da bututun ruwan datti da wayoyin lantarki da na sadarwa. Wahalar aikin duka tana wuri ɗaya: ƙanƙarar da ke ɗauke da ma'aikata da injunansu ita ce kuma suke yankawa.

Abin da ya sa ake bi ta cikin tafki

Tushen aikin wata ɗabi'a ce ta ruwa wadda ta saɓa wa yawancin abubuwa. Ruwan daɗi ya fi nauyi a lokacin da sanyinsa ya kai wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya ƙara sanyi fiye da haka sai ya yi sauƙi ya taso sama, idan kuma ya daskare sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa ƙanƙara ke iyo a cikin kofi, kuma shi ya sa tafki ke fara daskarewa daga sama. Ƙanƙarar da ta rufe saman ta zama kamar bargo, ruwan da ke can ƙasa kuma ya ci gaba da zama ruwa, bai fi digiri 4 ba, ko da iskar waje ta kai digiri 30 ƙasa da sifili. Bututun da ke kwance a can ba ya daskarewa.

A kan tudu lamarin ya bambanta. Sanyi na ratsa ƙasa, a wasu yankunan har zurfin mita 2 ko fiye, don haka duk bututun ruwan da ba a binne ƙasa da haka ba yana iya daskarewa ya fashe. Ga kuma dutse. Yawancin Finlan da Suwidin da tsakiyar Kanada suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ƙasa 'yar kaɗan ta lulluɓe, kuma haƙa ramin mita 2 a irin wannan wuri sai da nakiya. Ƙasar Finlan kaɗai tana da tafkuna wajen 188,000 da gidajen hutu kimanin rabin miliyan, da yawansu a bakin ruwa ko a kan tsibiri. Injiniyan da aka ce ya haɗa ƙauyuka biyu da ke fuskantar juna a gaɓar tafki zai ga cewa zagayawa ta tudu na iya nunka tsawon layin sau da yawa, ga biyan diyya ga masu filaye, alhali tsallakawa ta cikin ruwa gajeriyar hanya ce da ba ta bukatar haƙa sai a bakin gaɓa.

Akwai wani amfani da ya yaɗu a Finlan da Suwidin, wato ɗumama gida da zafin tafki. Ana nutsar da siririn bututun roba mai ɗaruruwan mitoci, cike da ruwan da aka gauraya da sinadarin hana daskarewa. Yana zagayawa ya kwaso ɗan ɗumin da ke ƙasan tafkin, wata na'ura mai aiki kamar firji amma a juye ta tattara shi ta ɗumama ɗakuna.

Me ya sa sai hunturu

Ana iya wannan aiki da jiragen ruwa a lokacin zafi, kuma a manyan tafkuna haka ake yi. Birnin Toronto na Kanada, alal misali, ya fara sanyaya manyan gine-ginensa a 2004 da ruwan da bututai uku ke jawowa daga nisan kilomita 5 cikin Tafkin Ontariyo, a zurfin mita 83. Tafki irin wannan ba ya daskarewa yadda za a dogara da shi, don haka jirage ne suka yi aikin. Amma ƙaramin tafkin da ke cikin daji, wanda ba hanyar mota da ta isa bakinsa, ba shi da jirgin kwangila, kuma kai masa shi na iya cin kuɗin da ya fi na bututun kansa. Hunturu na warware wannan. Fadamun da mota ba ta iya ratsawa suna daskarewa su zama hanya, tafkin kuma ya zama fili shimfiɗaɗɗe wanda ba iska da za ta kaɗa shi, ba igiyar ruwa da za ta karkatar da bututu.

Mai safiyo ma ya fi samun sauƙi. Yana iya tsayawa daidai kan layin, ya huda rami, ya saukar da igiyar awo, ya san zurfin ruwa da irin ƙasar da ke wurin, ko laka ce ko tsakuwa ko dutse, sannan ya kafa turaku a jere. Bututun zai sauka daidai inda aka zana a takarda, abin da ke da wuya ga jirgin da iska ke turawa.

Auna ƙarfin ƙanƙara

Kafin a shigar da ko da babur ɗin kan dusar ƙanƙara, sai an san kaurin abin da za a taka. Mutum biyu ne kan fara shiga da ƙafa, sanye da rigunan da ke hana nutsewa, ɗaure da igiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya da tazara, suna huda rami suna aunawa. A manyan ayyuka ana jan na'urar rada a kan sulke, tana nuna kaurin ƙanƙarar a duk tsawon layin, domin ramuka biyu masu kyau ba sa tabbatar da abin da ke tsakaninsu. Inda kogi ke shiga tafki, ko inda maɓuɓɓuga ke ƙasa, ko mashigi tsakanin tsibirai biyu, ruwa mai motsi yana cin ƙanƙara ta ƙasa ba tare da an gani daga sama ba.

Lissafin da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga Lorne Gold, wani masani a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, wanda ya wallafa shi a 1971 bayan nazarin rahotannin kamfanonin katako da ke jigila a kan ƙanƙara. Ana ɗaukar kaurin a santimita, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da wata lamba da ke tsakanin 3.5 da 7, gwargwadon irin kasadar da aka yarda a ɗauka da kuma tsananin sa idon da ake yi. Abin da ya fito shi ne nauyin da aka yarda a ɗora, a kilogiram. Idan aka ɗauki lamba 4, ƙanƙara mai kaurin santimita 25 za ta ɗauki tan 2.5, mai santimita 50 ta ɗauki tan 10, mai mita 1 kuma tan 40, wato tirela da kayanta. Abin lura shi ne nunka kauri sau biyu yana nunka ƙarfi sau huɗu, haka kuma rasa 'yan santimita yana rage ƙarfin fiye da yadda ido zai zata.

Ba kowace ƙanƙara ake ƙirgawa daidai ba. Mai garau, wadda ta daskare kai tsaye daga ruwan tafkin, ita ce ma'auni. Fara mai kumfa, wadda ta samu daga dusar ƙanƙarar da ta jiƙe ta sake daskarewa, yawancin ƙa'idojin aiki rabin kaurinta suke lissafawa. Kuma lissafin Gold na kayan da ke tafiya ne. Nauyin da aka ajiye wuri ɗaya na sa'o'i yana sa ƙanƙara ta riƙa lotsawa sannu a hankali, kamar katakon kanta da aka daɗe ana tara wa buhuna. Ma'aikata na da hanyar gane hakan cikin sauƙi. Idan aka huda ƙanƙara mai kaurin santimita 60, ruwan da ke cikin ramin yakan tsaya wajen santimita 5 ƙasa da bakinsa. Idan aka ga ruwan na hawa har ya fara malala a sama kusa da injin da ke tsaye, to ƙanƙarar ta lotsa iyakar abin da aka yarda, sai a janye injin nan take.

Idan kaurin bai isa ba, ana ƙara shi. Matakin farko shi ne share dusar ƙanƙarar da ke sama, domin ita ce ke hana sanyin iska ratsawa. Na biyu shi ne ban ruwa: a huda rami, a jawo ruwan tafki da inji a malala shi a sama kaɗan-kaɗan, a bari ya daskare, a sake zubawa. Mai gaggawar da ya zuba da yawa lokaci ɗaya yakan sami ɓawo a sama da ruwa a tsakiya, wanda ya fi haɗari fiye da inda aka fara.

Jona bututu, yanka, da nutsarwa

Yawancin bututan da ake amfani da su a yau na baƙar roba ce mai ƙarfi, irin wadda ake kira HDPE, saboda ba ta tsatsa, tana lanƙwasa ba ta karye ba, kuma sanyi ba ya sa ta tsage da sauƙi. Ƙananan suna zuwa a nannaɗe, manyan kuma guntu-guntu. Ana jona su ta hanyar manna bakunan biyu a jikin farantin ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 200, idan sun narke a cire farantin a matse su tare. A cikin tsananin sanyi da iska wannan walda ba ta kamawa da kyau, don haka ana yin ta a cikin tanti mai ɗumi, ana toshe ɗaya bakin bututun don kada iska ta ratso ta cikinsa ta sanyaya wurin haɗin. Kafin a yanka komai ana gwada layin da matsi, domin gyara yoyo a kan ƙanƙara aikin sa'a ɗaya ne, gyara shi a ƙasan tafki kuwa sai an kira masu nutso.

Wannan roba ta ɗan fi ruwa sauƙi, saboda haka ko an cika bututun da ruwa ba zai nutse da kansa ba. Ana ɗaura masa maƙalai na kankare a tazara daidai, da roba mai laushi a tsakani don kada su goge jikinsa. Lissafin nauyin yana da muhimmanci. Bututu mai faɗin milimita 110 yana ture kusan lita 9.5 na ruwa a kowace mita, alhali nauyinsa bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, don haka idan iska ta cika shi zai riƙa turowa sama da ƙarfin kilo 6 zuwa 7 a kowace mita. Shi kuma kankare yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa a cikin ruwa. Wanda ya tsuke hannu a kan maƙalai yana iya wayar gari bayan shekara ya ga bututun ya taso yana iyo, saboda iska ta taru a wani tudu na layin. Bututun ruwan datti ya fi saurin yin haka, domin abin da ke cikinsa yana haifar da iskar gas.

Yankan kansa ana yin sa da injin zarto mai dogon baki, ko kuma da injin haƙa rami mai sarƙa wanda ke tafiya da kansa yana yanka. Yawanci ba a zuba wa sarƙar man inji, ko kuma a yi amfani da man da aka yi da tsirrai, don kada a gurɓata ruwan da mutane za su sha. Ana yin layi biyu a jere, a yayyanka tsakaninsu gunduwa-gunduwa, sannan ko dai a danna gunduwoyin su shige ƙarƙashin ƙanƙarar gefe, ko a ɗaga su a kwashe. Abin ba kaɗan ba ne. Tsaga mai faɗin santimita 30 a ƙanƙara mai kaurin santimita 60, idan ta kai kilomita 1, tana fitar da ƙanƙara wajen tan 165. Ba a tara ta a bakin tsagar, domin nauyinta kaɗai ya isa ya lotsa wurin da ma'aikata ke tsaye.

Daga lokacin da zarto ya ratsa, lissafin da aka yi da safe ya daina aiki. Ƙarfin ƙanƙara yana fitowa ne daga kasancewarta shimfiɗa ɗaya, tana rarraba nauyi ta kowane ɓangare a kan ruwan da ke ƙasa. Bakin tsaga ba shi da abin riƙewa ta gefe ɗaya, kuma ƙa'idojin aiki a Kanada suna rage nauyin da aka yarda da shi da rabi a kusa da tsagar da ruwa ke fitowa ta cikinta. Shi ya sa ake ajiye manyan injuna nesa da bakin, ake yanka gaɓa-gaɓa, ana saukar da bututu a baya yayin da zarto ke tafiya a gaba, ba a buɗe layin duka lokaci ɗaya. Akwai dalili na biyu: a daren da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, tsagar da aka bari a buɗe za ta kwana da sabuwar ƙanƙara mai santimita da dama, ta kama bututun da ke iyo a cikinta.

Nutsarwa ita ce sa'ar da kowa ke natsuwa. Ana tura bututun cikin tsagar cike da iska, bakunansa a toshe, ya yi iyo duk da maƙalansa. Sai a fara ɗura ruwa ta bakin da ke gaɓa, ana sakin iska a hankali ta ɗaya bakin. Ɓangaren da ya cika ya nutse, wanda bai cika ba ya ci gaba da iyo, tsakaninsu kuma bututun ya yi lanƙwasa biyu masu taushi da ke tafiya gaba har ƙarshen layin. Idan aka saki iskar da sauri, bututun zai faɗa da ƙarfi ya lauye, kuma robar da ta lauye a zurfin mita 20 ba ta da magani sai yankewa. Bayan ya kwanta ba a gaggauta haɗa shi da layin tudu. Robar da aka jona a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, idan ta shiga ruwa mai digiri 4, kowace kilomita takan ƙara tsawo da wajen mita 4, don haka ana ba ta lokaci ta daidaita.

Ga ƙananan bututai akwai dabarar da ba ta bukatar doguwar tsaga, wadda aka aro daga masuntan hunturu. Ana huda ramuka a jere, a tura doguwar sanda mai igiya daga rami zuwa rami ta ƙarƙashin ƙanƙarar, yadda suke shimfiɗa komarsu, sannan a jawo bututun da igiyar.

Bakin gaɓa

Mafi yawan lalacewar da ke biyo baya ba a tsakiyar tafki take faruwa ba, a 'yan mitocin farko ne daga gaɓa. A nan ruwan ba shi da zurfi, yakan daskare har ƙasa ya kama duk abin da ya tarar. Ƙanƙarar tafki kuma ba a tsaye take cik ba. Tana tsukewa da sanyi ta tsage, ruwa ya cika tsagogin ya daskare, idan ɗumi ya dawo ta buɗe ta tura gaɓa. Shimfiɗa mai faɗin kilomita 1, idan ɗumin jikinta ya ƙaru da digiri 10, tana ƙara faɗi da kusan rabin mita, da ƙarfin da ke ture duwatsu da ginshiƙan gada. Saboda haka ana binne bututun a wannan yanki har sai ya wuce zurfin da ƙanƙara ke kaiwa, a wasu wuraren a saka shi cikin wani bututun mafi girma, ko a haɗa shi da wayar lantarki mai ɗumama shi.

Hukuma ma tana da ta cewa. A Finlan Dokar Ruwa ta 2011 ce ke tsara irin waɗannan ayyuka, a Kanada kuma dokar kamun kifi ta tarayya na kare wuraren da kifi ke hayayyafa. Hunturu ba lokacin hutu ba ne ga kowane kifi: akwai waɗanda ke zuba ƙwai a kaka, ƙwan ya kwana a cikin tsakuwa ƙarƙashin ƙanƙara har bazara, kuma lakar da haƙa ke tayarwa tana iya shaƙe shi.

Haɗarin da ke kan ma'aikata

Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi haka ba daskarewa ke fara kashe shi ba. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana bincike a kan lamarin, ya taƙaita shi da lambobi uku. A minti na farko numfashi yana ƙwacewa, wanda ya firgita ya shaƙi ruwa a nan yake halaka. Sai minti 10 da hannuwa ke iya aiki kafin su sandare. Sai kuma wajen sa'a 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Wannan ne ya sa ma'aikata ke rataye ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya don cakawa a ƙanƙara su jawo kansu, direbobi kuma a wurare da yawa ba sa ɗaura bel, suna barin ƙofa ko taga yadda za a iya fita da sauri. Bayan an gama aiki wajibi ne a killace tsagar da alamu, domin dusar ƙanƙara ta dare ɗaya tana ɓoye ta, mai babur da ya zo wucewa ba zai bambanta ta da sauran tafkin ba.

Gudu ma haɗari ne. Mota mai nauyi tana lotsa ƙanƙara ta tura igiyar ruwa a ƙarƙashinta, kuma idan gudun motar ya yi daidai da na igiyar, ƙanƙarar da ta isa ɗaukar nauyin tana iya fashewa. An gane haka da tsada a Tafkin Ladoga na Rasha, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya. Daga 22 ga Nuwamba 1941 motoci suka fara kai abinci ta kan ƙanƙara, kuma wasu suka riƙa nutsewa ba tare da dalili bayyananne ba, har da marasa kaya sosai. Masana kimiyya ƙarƙashin Pavel Kobeko suka auna motsin ƙanƙarar, suka gano cewa gudun da ke kusa da kilomita 35 a sa'a shi ne mafi haɗari, aka kafa dokar gudu da ta tazara tsakanin motoci. A wannan tafkin ne kuma aka shimfiɗa bututun man da ya ciyar da birnin, mai tsawon kilomita 30, wanda 21 daga ciki ke ƙarƙashin ruwa. Shi an yi shi ne a watannin Mayu da Yuni na 1942, bayan ƙanƙara ta narke, amma ya ci gaba da aiki a ƙarƙashinta a hunturun da ya biyo.

Manyan ayyuka biyu

Tafkin Baikal da ke Saberiya shi ne mafi zurfi a duniya, mita 1,642, kuma ƙanƙararsa takan kai wajen mita 1. Tun a 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, an taɓa shimfiɗa layin dogo na kimanin kilomita 40 a kanta, dawakai na jan taragu. A yau masana kimiyyar Rasha da abokan aikinsu na da wata babbar na'ura a cikin tafkin, 'yan kilomitoci daga gaɓa, a zurfin da ya haura mita 1,000, wadda ke farautar wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zuwa daga sararin samaniya, masu suna niyutirino. An kammala ta farko a 1998, an ƙaddamar da babbar, Baikal-GVD, a watan Maris na 2021. Duk ginin da gyaran ana yin su ne daga kan ƙanƙara tsakanin Fabrairu da Afrilu. Wayoyin da ke haɗa na'urar da gaɓa ana shimfiɗa su ne da inji mai yanka tsaga a gaba, wani na biye yana warware wayar cikin ruwa. Abin da ba a gama ba kafin ƙanƙara ta fara ruɓewa sai baɗi.

Ɗayan aikin a kan ƙanƙarar teku aka yi shi, ba ta tafki ba, amma da dabara iri ɗaya. A farkon shekarar 2000 kamfanin BP ya haɗa tsibirin Northstar, wanda aka gina don haƙar mai kusan kilomita 10 daga gaɓar arewacin Alaska, da bututai biyu masu faɗin inci 10, ɗaya na fitar da mai, ɗaya na kai gas. An yi ta ban ruwa har ƙanƙarar ta haura mita 2, aka yanka tsaga, injunan haƙa suka tsaya a bakinta suna miƙa hannu ta cikin ruwa suna tona rami a ƙasan teku. An binne bututan fiye da mita 2, saboda a can manyan tuddan ƙanƙara da iska ke turawa suna karce ƙasan tekun kamar garma. Man ya fara fita a ƙarshen 2001.

Kwanakin da ke raguwa

Ɗan kwangilar wannan aiki yana da 'yan makonni ne kawai, tsakanin ranar da ƙanƙara ta yi kaurin ɗaukar injuna da ranar da rana ta fara cin ta, ta koma tsinke-tsinke a tsaye waɗanda ba sa riƙe juna ko da kaurin bai ragu ba. Waɗannan makonni suna raguwa. Wani bincike da John Magnuson da abokansa suka wallafa a mujallar Science a 2000, wanda ya duba tafkuna da koguna na arewacin duniya daga 1846 zuwa 1995, ya nuna daskarewa na jinkiri da kusan kwana 6 a kowace shekara 100, narkewa kuma na zuwa da wuri da kusan kwana 6.5. A Tafkin Suwa na Japan, inda malaman addinin Shinto ke rubuta ranar daskarewa tun 1443, shekarun da tafkin bai rufe gaba ɗaya ba sun yawaita ƙwarai a 'yan shekarun nan fiye da ƙarnonin baya. A 2006 hunturu mai ɗumi ya sa aka rufe hanyar ƙanƙarar da ke kai kaya ma'adinan lu'ulu'u na arewacin Kanada da wuri, kamfanoni suka koma ɗaukar mai da kayan aiki da jiragen sama.

Masu ba da kwangila sun fara sa wannan a lissafi. Inda nisan bai yi yawa ba, ana komawa ga injin da ke huda ƙasa a kwance, ya shiga ta wannan gaɓa ya ratsa ƙarƙashin tafkin ya fito ta waccan, ba ruwansa da kaurin ƙanƙara ko lokacin shekara, ko da yake dutse mai tauri yana tsadantar da shi. A kudancin Finlan da Suwidin, inda ake samun hunturun da ƙanƙara ba ta kai ɗaukar injuna ba, aiki da yawa ya koma kan ƙananan jirage a kaka, kafin ruwa ya rufe.